Neman shawara: na kasa tsayawa cak a kan keke ba tare da sauke ƙafa ba

Ɗan Yelwa, Garwa

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Ni ɗalibi ne a Garwa, shekaruna 19, kuma wata biyu ke nan da na fara koyon wasan keken da ake kira tirayal, wato wanda mahayi yake hawa dutse ko dakali ko gungumen itace, ya sauko daga kansa, ba tare da ƙafarsa ta taɓa ƙasa ba. Abin da ya ja ni cikinsa shi ne wani bidiyon Danny MacAskill, mutumin Sikotlan, wanda aka ɗauka a birnin Edinbara a 2009, kuma tun ranar da na gan shi a wayar wani abokina ban ƙara kallon keke a matsayin abin zuwa aike kawai ba. Duk masu koyarwar da na saurara a intanet bakinsu ɗaya, cewa tushen wasan shi ne mutum ya iya tsayawa wuri guda a kan keke, kuma a daidai nan na maƙale.

Kekena irin na hawa tudu ne da ake kira VTT, na hannu, tayarsa inci 26, birkinsa irin na roba mai matse rim. Kullum bayan la'asar nakan je wani fili kusa da gidanmu, in miƙe a kan feda, in damƙe birki biyun da iya ƙarfina, in kafa ido a tayar gaba, in yi ƙoƙarin kada in motsa ko kaɗan. Mafi daɗewar da na taɓa yi daƙiƙa 4 ce, kuma yawanci ta dama nake karkacewa. Bayan rabin awa damatsana sukan yi tsami har in kasa riƙe kan keken da kyau, sannan sau biyu feda tana fasa mini ƙwauri.

Ina roƙon wanda ya riga ni wucewa ta wannan hanya ya faɗa mini inda nake kuskure. Shin laifin keken ne, tunda na ga na masu gasa ba su ma da sirdi, ko kuwa akwai abin da jikina ya kamata ya yi wanda ban gane ba? Kuma awa nawa ya dace in riƙa yi a rana? Allah Ya saka da alheri.

Mahayin Tudu, Ngawundare

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi murna ƙwarai da ganin wannan tambaya daga Garwa, domin shekara shida ke nan ina wannan wasa a kan duwatsun da ke kewaye da Ngawundare, kuma 'yan uwan da na samu a cikinsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Amsarka tana cikin maganarka, inda ka ce kana ƙoƙarin kada ka motsa ko kaɗan. Babu mahaluƙin da yake tsayawa a kan taya biyu ba tare da motsi ba. Wanda ka ga ya tsaya kamar an dasa shi yana gyara kansa ne a kai a kai, sai dai gyaran nasa ya ƙanƙance har ido ba ya kama shi, kai kuwa da ka kulle birki biyu ka sandare, ka toshe wa kanka duk hanyar gyara.

Ka lura da abin da ke faruwa in kana tafiya a kan keke: da zarar ka fara karkata dama, hannunka yakan juya kan keken dama kaɗan ba tare da ka sani ba, tayoyin su koma ƙarƙashin nauyinka, sai ka miƙe. Tsayuwar cak ita ma wannan dabarar ce, an matse ta cikin tazarar da ba ta wuce tsawon tafin hannu ba. Asalinta ma daga masu tseren keke na cikin zagayayyen fili ne, waɗanda sukan tsaya don su tilasta wa abokin hamayya ya shige gaba.

Ga yadda na koya, kuma haka na koya wa yara biyu a unguwarmu. Da farko ka gano ƙafarka ta gaba: ka gangaro daga wani tudu a tsaye ba tare da ka tuƙa ba, ka duba ƙafar da ta zauna a gaba da kanta, to ita ce. Bari mu ɗauka ta dama ce. Sai ka nemi wuri mai tauri wanda yake da ɗan hawa kaɗan, irin gangaren simintin da ake yi a ƙofar gida don shigar da mota, ko gefen wani fili da ruwa ya zaizaye. Ka taho a hankali kana fuskantar hawan, fedojinka a kwance daidai da juna, ta dama a gaba, ka bar keken ya mutu da kansa ba tare da birki ba. Yana gab da tsayawa sai ka juya kan keken dama, wajen digiri 30 zuwa 45, ka bar shi a nan, kada ka riƙa kaɗa shi hagu da dama. Daga nan aikin duka ya koma ƙafarka ta gaba. In ka ji kana faɗuwa dama, ka ɗan taka feda, keken ya matsa gaba, kuma da yake tayar a juye take, gaban nan zai kai ta dama, ƙarƙashinka. In ka ji kana faɗuwa hagu, ka sassauta takun, tudun ya turo keken baya, tayar ta dawo hagu ta tare ka. Taka, sassauta, taka, sassauta, kamar yadda tela yake yi da keken ɗinki, illa dai naka ya fi nasa sanyi nesa ba kusa ba. Tudun ne yake yi maka rabin aikin, shi ya sa na fi son ka cire yatsunka daga birki gaba ɗaya a makonnin farko.

Game da ido, ka ɗauke shi daga tayar gaba. Taya abu ne mai motsi, kuma wanda ya kafa mata ido kansa yakan sunkuya, nauyinsa ya zube a hannu. Ka zaɓi wani dutse ko tabo a ƙasa, taku uku ko huɗu a gabanka, ka tsayar da ido a kansa. Kafaɗunka su bi kan keken inda ya juya, ƙugunka ya zauna a saman tsakiyar fedoji, gwiwoyinka a ɗan lanƙwashe, nauyinka a ƙafa, hannu kuwa riƙon da za ka yi wa ƙwai ya ishe shi. Tsamin damtsen da ka ambata shaida ce cewa hannunka yana ɗaukar kayan da ƙafa ya kamata ta ɗauka. Kuma ka yi numfashi, domin na lura kusan kowane sabon shiga yakan riƙe numfashinsa ba tare da ya sani ba, kuma jikin da ya riƙe numfashi ba ya laushi.

Wani abin da ya taimake ni shi ne tafiyar hawainiya. Nakan ja layi biyu a ƙasa, tazarar taku goma, in yi ƙoƙarin cin lokaci mafi tsawo kafin in isa na biyun, sannan in riƙa zagaya gwangwani biyu ina matse da'irar kowace rana. Wanda ya iya tafiya a hankali sosai, tsayuwa ba ta yi masa nisa ba.

Baba Mai Keke, Marwa

Ɗana, ni ba na hawa dutse da keke, amma na fi shekara talatin ina gyaransa a Marwa, kuma wasu samari masu irin wannan wasa suna kawo mini nasu, don haka zan yi magana a kan abin da hannuna ya sani. Kekenka ya isa koyon tsayuwa, kada ka sa wa iyayenka rigimar sayen wani. Gaskiya ne na masu gasa daban suke, akwai mai taya inci 20, akwai mai 26, jikinsu gajere ne daga ƙasa zuwa sama kuma yawancinsu babu sirdi, amma an ƙera su haka ne saboda tsalle, kai kuwa ba ka kai nan ba tukuna.

Ka sauke sirdin har ƙarshe, in ma sandarsa ta yi tsawo a rage ta, domin ka sami inda za ka kai ƙugunka ba tare da ya tokare ka ba. Ka cire kariya da jak da duk wani ƙarfen da zai iya yankarka ranar da ka faɗi. Ka rage iskar taya har in ka danna da babban yatsa ta ɗan lotsa, saboda taya mai laushi tana shimfiɗa a ƙasa ta kama da kyau, amma kada ka wuce gona da iri, domin in ta yi laushi ainun, rim yakan matse tib a gefen dakali ya yi masa huda biyu a jere, kuma faci ba ya daɗewa a irin wannan wuri. A ƙasarmu ga kuma tsidau da ƙayar aduwa, don haka ka share filin kafin ka fara.

Ka sa sarƙa a giya mai sauƙi, wadda ƙafa za ta motsa keken da ɗan taɓi. A irin kekenka, ƙaramin faranti na gaba mai haƙora 22 da na baya mai haƙora 18 ko kusa da haka ya yi daidai. Abin da na fi jin tsoro a kekunan hannu shi ne firiwil da sarƙa. Firiwil na kasuwa 'yan haƙoran cikinsa kaɗan ne, shi ya sa feda take yin ɗan tafiyar banza kafin ta kama, alhali na wannan wasa yana kamawa a wuri 72 ko 108 a zagaye guda. Wannan ratar za ka saba da ita. Wanda ba za ka saba da shi ba shi ne firiwil ɗin da ƙurar hunturu ta cika shi har yana zamewa, domin in ya saki a lokacin da ka ɗora duk nauyinka a feda, gwiwarka ce za ta haɗu da kan keke. A wanke shi da kananzir, a ɗiga masa mai marar kauri, kuma in sarƙar ta miƙe ko tana da mahaɗin da ya sandare, a canza ta.

Birki kuwa a gyara shi yadda yatsa ɗaya zai kulle taya. A sa sabuwar waya, a goge rim da tsumma mai tsabta, a karkatar da hannun birkin ƙasa yadda wuyan hannunka zai miƙe in kana tsaye. Na ji ana cewa masu gasa suna kankare rim da injin gurza ƙarfe, wasu kuma suna goga masa kwalta don ya ƙara kamu. Ban yarda ka yi ko ɗaya ba yanzu: kankara tana cin rim, kwalta kuma a zafin Garwa narkewa za ta yi ta kwashi ƙura. Sannan ka ajiye silifa, ka nemi takalmi mai shimfiɗaɗɗen ƙasan roba, ka sa hular kwano ko da tsayuwa kawai kake koyo, kuma abin kare ƙwauri na 'yan ƙwallo, wanda ake samu a kowace kasuwa, zai raba ka da feda.

Na Bakin Shari, Injamena

Ina gaida Baba Mai Keke, kuma ina tare da shi a duk abin da ya faɗa. Yayana na Ngawundare kuwa, da izininka zan ɗan saɓa maka a wuri ɗaya. Kai Allah Ya ba ka tudu da duwatsu, mu a Injamena ƙasa shimfiɗe take kamar tabarma, kuma wanda ya ce sai ya sami gangare zai koya, zai daɗe yana jira. Ƙari a kan haka, tsayuwar da ake yi ba birki tana buƙatar wurin da taya za ta gangara gaba da baya, alhali a saman dutse ko gungume sau da yawa babu ko taƙi ɗaya na gangarawa. A can birki a kulle yake, kuma mahayi da ɗaga taya yake gyara kansa. Saboda haka ina ganin bai kamata ƙanenmu ya yi makonni bai taɓa birki ba.

Ni da bango na fara. Nakan jingina tayar gaba da katangar gidanmu, a juye kaɗan, in riƙe birki, in hau fedoji biyu, in tsaya ina koyon yadda ake tura gwiwa waje ko a matsar da ƙugu don a mayar da nauyi tsakiya. Bayan kwanaki sai na fara ja da baya daga bangon. Daga nan na koma renon keke, wato ka kulle birki biyu, ka kai nauyinka gaba har tayar baya ta ɗaga kamar faɗin yatsu biyu, ka ajiye ta, ka mayar da nauyi baya har ta gaba ta ɗaga, kuma kowace taya in za ka ajiye ta, ka ajiye ta ta ɓangaren da kake faɗuwa. Da ƙugu da ƙafa ake yinsa, wanda ya ce da hannu zai fizgi keken, minti biyu zai gaji. Kuskuren ƙanenmu a ganina shi ne ya kulle birki sannan bai ɗaga komai ba, ya haɗa rabin wannan hanya da rabin waccan.

Dalilin da ya sa nake nacewa a kan wannan yana cikin asalin wasan. Daga wasan babur aka ciro shi, a yankin Kataloniya na ƙasar Sifen, a shekarun 1970, inda Pere Pi, wanda ya yi aiki da kamfanin babura na Montesa, ya ƙera ƙaramin keke don yara su koyi abin da manya suke yi da babur, kuma ɗansa Ot Pi ya zama zakaran duniya sau da dama. A tsarin lissafin da aka gada daga babur, duk sauke ƙafa maki ɗaya ne a kanka, biyar ne iyaka a kowane sashe na filin gasa, kuma mai ƙarancin maki shi ya ci. Ka ga ke nan daga tushe, wasan gaba ɗaya a kan hana ƙafa taɓa ƙasa aka gina shi, a kowane irin wuri mahayi ya sami kansa, mai gangare da marar gangare.

Malamar Motsa Jiki, Garwa

Ɗana, ni malamar motsa jiki ce a wata makarantar sakandare a nan garinku, kuma zan amsa tambayarka ta ƙarshe wadda ba a taɓa ba. Jiki yana sanin tsayuwarsa ta hanyoyi uku: ido, da wasu ƙananan bututu uku masu ruwa tare da 'yan jakunkuna a can cikin kunne, da kuma jijiyoyin da ke cikin tsoka da gaɓoɓi da tafin ƙafa, waɗanda suke kai wa ƙwaƙwalwa labarin inda kowace gaɓa take. Abin da kake horarwa shi ne saurin da ƙwaƙwalwa take haɗa waɗannan labarai ta mayar da amsa, kuma irin wannan koyo ya fi kama jiki in ana yinsa kaɗan-kaɗan a kai a kai, da barci mai kyau a tsakani. Minti 15 kowace rana ya fi maka awa biyu ranar Lahadi. Da zarar ka ga lokacinka yana raguwa maimakon ƙaruwa, ka sauka, domin gajiyayyen jiki kuskure yake maimaitawa har ya haddace shi.

Ka san Garwa a watannin Maris da Afrilu, zafi yakan wuce digiri 40, kuma siminti yana riƙe shi har bayan la'asar. Na fi so ka mayar da atisayen bayan sallar asuba, in gari ya fara haske, ka sha ruwa kafin ka fita, kuma in ka ji jiri ka daina nan take. A gida ka riƙa tsayawa da ƙafa ɗaya ba takalmi na rabin minti, ka canza, in ya yi sauƙi ka rufe ido kana kusa da bango. Raunin ƙwaurin nan kuma ka wanke shi da ruwa da sabulu, ka rufe shi, sannan ka bincika ko allurarka ta rigakafin sandarewar jiki, wadda ake kira tetanus, ba ta daɗe ba.

Ɗan Yelwa, Garwa

Na gode Baba, na gode Malama, na gode yayyena. Yau kwana 16 da na fara bin shawarwarinku. Na sauke sirdi, an wanke firiwil, na koma fita da asuba, kuma na sami gangare a ƙofar wani rufaffen shago a unguwarmu. Ashe ƙafar hagu ce tawa ta gaba, alhali duk wata biyun nan dama nake tilasta wa kaina. A kwana huɗun farko ban ga canji ba, amma a na biyar na ji keken ya dawo baya da kansa a ƙarƙashina, kuma jiya na yi daƙiƙa 40 har sau uku. Renon keken da yayana na Injamena ya kwatanta ina yinsa minti biyar a ƙarshe, tayar baya tana ɗagawa, ta gaba ce har yanzu take yi mini nauyi. Matsalata yanzu ita ce da na koma shimfiɗaɗɗen wuri sai komai ya rushe, domin babu abin da yake turo ni baya. Yaya ake yi a nan?

Mahayin Tudu, Ngawundare

Madalla, ƙanena, kuma na karɓi gyaran ɗan uwana na Injamena, ka ci gaba da haɗa biyun. A shimfiɗaɗɗen wuri kai ne za ka zama tudun. Ka ɗora yatsa ɗaya a birkin gaba, ka taka feda kaɗan, keken yana matsawa ka ɗan taɓa birkin, sai nauyinka ya zubo gaba. A daidai lokacin da ka saki birkin, ka mayar da ƙugunka baya kana janyo kan keken zuwa gare ka, kuma ka sassauta ƙafar hagu domin feda ta sami damar dawowa sama tare da taya. In ba ka sassauta ƙafar ba, keken ba zai koma baya ba ko da ka ja shi. Kafin wannan ya zauna, ka riƙa sauka daga gangaren shagon a hankali, yau a tsakiyarsa, gobe a gindinsa inda hawan ya kusa ƙarewa, ko ka nemi ɗan ƙaramin rami a ƙasa ka sa tayar gaba a bakinsa. Ita kuwa tayar gaban da take yi maka nauyi, ka miƙe hannuwanka gaba ɗaya kafin ka kai ƙugu baya, domin lanƙwasasshen hannu yana shanye motsin kafin ya isa taya. Ranar da ka cika minti ɗaya a shimfiɗe, ka juya kan keken ɗaya ɓangaren, ƙafar hagu tana gaba yadda take, ka fara ƙirga daga daƙiƙa ɗaya.